Takwas na Yaya, Biyu na Karatu

Ina tsakiyar jera kwalayen sabulu a kantin da nake aiki wayata ta yi ƙara. Yaya ce, kuma ko gaisuwa ba ta bari mun ƙarasa ba.

"Auta, irin faratan nan naki masu ƙwas-ƙwas in kina danna waya, ana samunsu da sauƙi?"

"Farcen roba? Ga su nan a bayana kwali-kwali. Wa za a yi wa?"

"Ni."

Ihun da na yi sai da mai gadin kantin ya leƙo ya ga ko ɓarawo ne ya shigo. Na yi masa alama da hannu ya koma, na lallaɓa bayan katon ɗin man wanki na tsuguna, don in ji maganar nan da kyau.

Yayata makauniya ce. Wani zazzaɓi ne ya tafi da idanunta tun tana 'yar shekara huɗu, ni ko haifata ba a yi ba. Yanzu malama ce a makarantar yara makafi, kuma da yatsunta take karatu, tana bin ɗigo-ɗigon da aka huda a takarda mai kauri, da saurin da ni mai ido biyu ban isa in kamo ta ba. Tun da na yi wayo faratanta a yanke suke har gindi. Kowace safiyar Lahadi sai ta bi su da abin yanke farce, ko da babu abin yankewa. Na sha roƙonta ta bari in ɗan shafa mata ko da jan farce ne, ta ce in je in nemi aikin yi.

"Me ya faru?" na tambaye ta. "Wa ya taɓa miki zuciya?"

"Kin san jibi za a buɗe sashen makafi a babban ɗakin karatu, kuma ni zan karanta labarin farko a gaban jama'a."

"Duk dangi sun sani, Mama ta gama shela."

"To yau aka gaya min za a kafa kyamara a kan hannuna. Wai za a haska a ƙaton allo don na baya su ga yadda ake karatun." Ta ɗan yi dariya. "Na ce to, tunda hannun za a kalla, bari su sami abin kallo. Kuma ranar ta faɗo a kwanakin da nake fashin sallah, balle Mama ta tayar min da maganar alwala."

Wallahi ranar ban san yadda na ƙarasa aikin ba. Na zaɓi kwali uku mafi kyau, na ɗauki gam, na ɗauki abin goge farce, na koma gida ina ta tsara abin a kaina kamar ni ce zan hau dandamalin. Yaya ta ce in zo washegari mu yi. Na ce a'a, sai ranar da safe, don su fito sabbi fil suna ƙyalli. Ni dai Allah ya yi ni da taurin kai, kuma a harkar farce babu wanda yake ja da ni a gidanmu.

Ranar Asabar na hau benen gidan da Yaya take haya ina haki, jakata na kaɗawa. Mama ce ta buɗe min, don a can ta kwana. Ta dube ni, ta dubi jakar.

"Sai yanzu? Ke dai ba a fafe gora ranar tafiya."

"Mama, wannan ba gora ba ne, aikin minti kaɗan ne. Ki matsa ƙwararru su wuce."

Falon Yaya kullum tsaf yake, kowane abu da mazauninsa, kuma duk wanda ya gusar da kujera ko da taku ɗaya ne zai ji a jikinsa. Na nemi izini kafin na jawo ƙaramin teburin zuwa bakin taga. Na shimfiɗa tawul, na zazzage kayana. Yaya ta zo ta zauna, ta riga ta yi wanka, rigarta ta fita tana rataye a jikin ƙofa, takardun labarin kuma suna cikin wata jakar fata a kan shiryayye. Ta miƙo hannuwa biyu a kan tawul ɗin kamar mai jiran allura.

"Ki saki jikinki mana," na ce. "Fara zaɓar kala. Akwai na farko, ruwan hoda ne, amma ba ruwan hoda sosai ba."

"Madalla da bayani."

"Na biyu kuma kamar ruwan toka, amma yana ɗan komawa shuɗi in haske ya buge shi."

"Auta, da ke aka ba aikin kwatanta wa makafi duniya, da tuni mun ce a bar mu haka. Na ukun fa?"

"Ja ne."

"Wane irin ja?"

Mama ce ta leƙo daga bayana, ta ɗaga kwalin ta juya shi.

"Kin tuna bokitin robar da nake miki wanka a ciki kina ƙarama?"

Fuskar Yaya ta washe gaba ɗaya. "Mai tsagaggen hannu? Wannan jan na san shi. Shi nake so."

Na buɗe kwalin na zuba mata faratan a tafin hannu. Ta riƙa ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya tana shafawa, tana bin lanƙwasarsu, tana gwada tsinin bakinsu a kumatunta. Da ta ci karo da masu 'yan duwatsu a jiki sai ta saki ƙara kamar yarinya.

"Kai! Har da duwatsu? Mama, zo ki taɓa!"

"Ina gani daga nan," in ji Mama. "Su ba su yi tsawo ba kuwa?"

"Tsawon shi ne kyan," na ce. "In gajere ake so ai ga nata nan."

Na fara aiki. Na tura fatar gindin kowane farce baya da ɗan tsinken da ke zuwa a kwalin, Yaya tana cewa ina yi mata cakulkuli. Na ɗan kankare saman faratan don gam ya sami wurin kamawa, na goge su tas da ɗan ƙyallen da ke cire maiƙo. Sannan muka shiga gwaji, wannan ya yi wa babban yatsa faɗi, wancan ya matse ɗan ƙaramin, har muka samo wa kowane yatsa nasa, na jera su a kan tawul bi da bi. A cikin kwalin akwai wasu 'yan sitika masu danƙo na liƙa farce da ake mannawa a ɓare cikin sauƙi in an gaji. Na ture su gefe.

"Waɗannan fa?" Yaya ta tambaya, don ta ji ƙarar ledarsu.

"Na 'yan koyo ne. Kina cikin karatu ɗaya ya fita ya faɗa kan takarda a gaban kyamara? Allah ya kiyaye. Gam za mu sa, mai riƙe mako biyu."

Ɗigo ɗaya a farcenta, ɗigo ɗaya a na roba, in ɗora daga gindi in danne, mu jira. Na fara da ƙananan yatsu na bar manyan a ƙarshe. Duk wanda na gama sai Yaya ta kai shi bakinta ta shafa da leɓe, ni kuma in buge hannun in ce gam bai bushe ba. Mama ta jawo kujera ta zauna, wai ita ba ruwanta, amma ita ce mai cewa wancan ya karkace, wannan a ƙara dannawa.

Da na saki yatsa na goma sai muka yi tsit mu duka. Ban taɓa lura cewa Yaya tana da dogayen yatsu haka ba, sirara, masu kyau. Jan nan ya zauna a kansu kamar don su aka yi shi.

"Ku yi magana mana," ta ce. "Sun yi muni ne?"

"Yaya, wallahi na tsane ki. Sun fi yi miki kyau a kaina."

Ta ƙwanƙwasa tebur da su. Ta ƙwanƙwasa kofin shayi, ta saurara, ta tashi ta je ta ƙwanƙwasa gilashin taga, ta dawo ta ja su a kan murfin tukunya. Kowane abu da irin ƙarar da yake ba ta, ita kuma tana ta ƙyalƙyala dariya. Na kunna waƙa a waya, na kama hannunta muka yi juyi a tsakar falon, har muka gusar da kujera ba ta ce komai ba. Mama tana cewa mu yi a hankali da mutanen ƙasa, alhali ita ma kafaɗarta tana motsi.

"To ya isa," in ji Yaya tana haki. "Miƙo min jakar nan in bi labarin sau ɗaya kafin in sa kaya."

Na miƙa mata. Ta zaro takardun, ta daidaita su a kan cinyarta, ta ɗora hannu.

Ina tattara kwalaye, shi ya sa ban ga farkon abin ba. Shirun ne ya sa na juyo. Yaya ta ɗaga yatsunta ta sake saukewa. Ta karkata hannu, ta kwantar da shi, ta sake farawa daga farkon layi. Bakin farcen ne yake riga tsokar yatsan isa takardar, sai ya tokare. In ta kwantar da yatsan sosai don ta ji ɗigon, sai tsinin ya riƙa kartar layin da ke sama.

"Wata... wata rana... wata yarinya..." Ta tsaya. Yaya, wadda take karanta wa yara labari tana canza murya kamar gidan rediyo, ita ce take haɗa baƙi kamar 'yar aji ɗaya.

"Ki ɗan saba da su ne," na ce.

"Auta, ba na ji." Ta shafa layin farko da gefen yatsa, sai ta janye hannu da sauri. "Kuma na murje ɗigo biyu. In na ci gaba zan goge labarin da hannuna, kuma kwafin ke nan guda ɗaya."

Mu uku a ɗakin nan, da mai karatun, da wadda ta haife ta, da ni uwar iyawa, babu wadda ta ce a manna ɗaya a gwada a takarda kafin a yi sauran. Ni ban taɓa karatu da yatsa ba. Ita ba ta taɓa barin farce ya tsiro ba balle ta san abin da yake hanawa.

Mama ba ta ce ai na faɗa ba, kuma wannan ya fi min ciwo a kan ta faɗa. Ta tashi kawai ta ɗora ruwa. Muka zuba shi da ɗumi a kwano, da sabulu da man girki, Yaya ta tsoma hannu. Muka jira. Na gwada ɗaga gefen ɗaya da tsinke, ta ce wash, farcenta na gaske yake bi. Gam ɗin da na gama yabo ya riƙe amana, ko gezau. Wayar Mama ta yi ƙara, mai tasin da aka yi alkawari da shi ne, yana cewa ya kusa.

"A yanke su duka a huta," in ji Mama, ta ɗauko abin yanke farcen Yaya.

"Tsaya!" Na karɓa na gwada a kan wani da ya rage a kwali. Yana datsawa robar ta tsage har gindi, jan ya ɓare. "Kin gani? Haka za su yi a hannunta."

"To ya za a yi? Ta je ta tsaya a gaban mutane tana in'ina?"

"Gogewa," na ce. "Da abin gogewa za a cinye su a hankali. Amma goma, kafin in gama an tashi daga taron."

Hawaye ya riga ya cika min ido. Na ɓata mata ranarta, ranar da ta yi wata da watanni tana shiri, saboda ina son a ce ƙanwarta ta iya farce. Na fara ba ta haƙuri, ta ce in yi mata shiru tana tunani. Ta zaro hannuwanta daga ruwan, ta goge a tawul, ta ɗora su a kan tebur babu takarda, tana jan su daga hagu zuwa dama kamar mai karatu. Ta yi haka sau da yawa. Sai ta ɗaga manuniyar dama da ta hagu.

"Waɗannan biyun ne suke karatu. Sauran rakiya suke yi. In na ɗan ɗage su sama ba za su taɓa takarda ba. Goge min biyun nan har su koma daidai da tsoka."

"Yaya, a ƙaton allo fa! Takwas dogaye, biyu guntaye? Cewa za a yi karyewa suka yi."

"Su ce."

"Ko dai a rage dukansu ko da rabi ne," in ji Mama, "su ɗan yi kama da juna."

Yaya ta dunƙule hannuwanta ta ɓoye su a hammata, kamar yarinyar da za a ƙwace wa alewa.

"Babu mai taɓa min su. Tun ina aji ɗaya nake yanke farce saboda karatu, ban taɓa cewa uffan ba. Yau karatu ya ɗauki biyu ya bar min takwas. Auta, kama aiki."

Na kama. Ban taɓa goge abu da zuciya ɗaya irin na ranar ba. Jan gari yana zuba a kan tawul, a kan siket ɗina, har cikin hancina. Hannuna ya gaji na canza, abin gogewar ya cinye a gefe ɗaya na juya shi. Mai tasi ya iso yana ta danna oda a ƙasa, Mama ta leƙa ta taga ta ce masa ya yi wa Allah ya ƙara haƙuri, ana aikin gaggawa ne a kan malama. Ban san me ya fahimta ba, amma bai ƙara dannawa ba. Duk bayan ɗan lokaci Yaya takan karɓe yatsan ta gwada a bayan takardar ƙarshe, ta ce saura kaɗan, ta miƙo min. Da na gama na dama na koma na hagu, Mama tana sa mata ɗan kunne ta gefe guda, tana ɗaura mata agogo a ɗaya hannun.

Sai can ta ɗora yatsun biyu a layin farko, ta ɗage sauran sama, ta ja.

"Wata rana wata yarinya ta tashi da safe ta tarar inuwarta ta riga ta fita..." Ta wuce layi na biyu, na uku, muryarta ta dawo daidai, har ta fara canza ta. Ta tsaya ta ɗago kai. "Me kuke jira? Ku sa min rigar ku zuge min zif, ni yanzu ba na iya kama komai!"

Muka sauka benen nan da gudu, ni riƙe da jakar takardu da takalmanta, Mama riƙe da sandar Yaya, ita kuma ta ɗaga hannuwa sama kada su bugi bango. A cikin tasi ta sa mai tasin ya ce sun yi kyau har sau biyu, don na farkon bai fito daga zuciyarsa ba.

Zauren ɗakin karatun ya cika. Akwai ɗalibanta a layin gaba cikin kayan makaranta, da iyayensu, da manya masu jawabi. Ni da Mama muka sami wuri a tsakiya. Aka yi jawabai masu tsawo waɗanda ban ji ko ɗaya ba, don idona yana kan allon da aka rataya a bayan dandamali. Da aka kira ta, wata ma'aikaciya ta raka ta har teburin, ta zauna, ta daidaita takardunta. Allon ya kawo haske.

Ga hannuwan Yaya nan, kowanne ya kai girman ƙofa. Na ji wata mata a bayanmu ta ja numfashi. Guntayen biyun sun fito ƙuru-ƙuru, ba su ɓoyu ba, kuma na ga inda hannuna ya karkace a na hagun. Na runtse ido don kunya. Amma da ta fara karatu sai na buɗe. Yatsu biyun suna gudu a kan ɗigon, takwas ɗin suna sama a ɗage, jajaye, duwatsun suna walƙiya duk lokacin da ta dawo farkon layi. Ta zo wurin ɗigon da ta murje ta wuce abinta, da ka ta san shi. Yara suka yi dariya a inda ya kamata, manya ma suka bi su. Ko sau ɗaya ba ta yi tuntuɓe ba.

Ta kai ƙarshen shafin farko. Na san yadda Yaya take juya shafi, fit, kamar ƙiftawar ido, kafin ka ankara ta shiga na gaba. Wannan karon sai ta dakata. Ta ɗaga hannun dama a hankali, ta baza yatsun a gaban kyamarar, ta juya su dama, ta juya su hagu, ta gyara ɗan kunnen da babu abin da ya same shi. Sannan ta kama gefen takardar da bakin farce biyu, ta juya ta a hankali, ƙaramin yatsanta a miƙe. Zauren ya ɗauki dariya da tafi, ita kuma ta yi kamar ba da ita ake ba.

"Mama, kin ga 'yarki?" na ce ina dariya, na zungure ta da gwiwar hannu.

Na juya na ga ta toshe baki da gefen mayafinta, hawaye yana bin kumatunta, idonta a kafe a kan allon.

"Yanga take yi," ta ce da ƙyar. "Auta, yanga take yi. Tun tana shekara huɗu ban ƙara ganin ta yi ba."